Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Alhaji wakilinmu da iyayen yaranmu 'yan besbol, kafin a kaɗa ƙuri'ar maja

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhaji ranka ya daɗe, yayyena da ƙannena iyayen yaran kulob ɗinmu na nan Greensboro ta jihar North Carolina a Amurka, ina gaisuwa, ya aiki ya iyali ya kuma sanyin nan da ya ƙi tafiya.

Wallahi ban so abin ya kai ga rubutu ba, a taron ran Lahadi na so in yi magana amma duk wanda ya je ya ga yadda aka yi, mutumin babban kulob ɗin da ake so mu haɗe da shi ya zo da majigi da hotunan yara sanye da sababbin riguna suna ɗaga kofi, yana zuba turanci kamar ana korarsa, rabinmu kuma daga aikin dare muka fito ido ya yi ja, da ya gama aka yi tafi raf raf aka ce akwai mai tambaya, kafin in gama haɗa turancin tambayata a kai har an fara naɗe kujeru. Na dawo gida na tura saƙon murya a gurup ɗinmu na WhatsApp, cikin minti goma hotunan barka da dare suka binne shi. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta da harshen da ba sai na yi ta laluben kalma ba, wanda zai iya ya juya wa sauran iyayen da ba sa jin Hausa, na yafe.

Maganar dai ita ce wai kulob ɗinmu zai haɗe da wancan babban kulob na ɗaya gefen gari, a koma suna ɗaya riga ɗaya, nan da sati biyu za a kaɗa ƙuri'a, kuma Alhaji kai ne kake riƙe da kujerarmu a kwamiti. Mu da muka zo daga Najeriya mun san kalmar maja tun 2013 lokacin da jam'iyyu suka narke suka zama APC, 'yan uwana na Maraɗi da Damagaram ku yi haƙuri da misalin, abin da na koya a lokacin shi ne ranar maja kowa dariya yake a hoto, sai an zo rabon kujeru ake gane wa ya haɗe da wani wa kuma aka haɗiye.

Kada a ce na zo ɓata abu, na san halin da muke ciki. Kuɗin inshora ya hau, na alƙalan wasa ya hau, kocinmu duk 'yan sa kai ne mutum ya taso aiki ƙarfe biyar ya wuce fili da takalmin aikinsa a ƙafa, bara 'yan shekara 13 sau biyu suna zuwa wasa da yara tara cif, da ɗaya ya yi targaɗe shikenan sai a ba abokan karawa nasara a kyauta. Daga Disamba zuwa Fabrairu ba mu da inda yara za su yi atisaye, su kuwa suna da ƙaton ɗaki mai raga da injin harba ƙwallo, kocinsu albashi ake biyansu. Duk gaskiya ne. Alhaji ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ban musa ba, ni dai tambayata jinkar nan ɗakin wa za a rufa da ita.

Kuma bari in tona wa kaina asiri. Ni da na zo ƙasar nan ban san komai a besbol ba, ƙwallon ƙafa na sani sai langa da muka yi muna yara a Katsina, shekara guda na yi ina zama bakin fili ban gane me ya sa wani ke gudu wani ke tsaye ba. Yanzu yarona ya kai 12, shi ne mai jifan da aka fi dogara da shi, kuma mutanen can sun riga sun kira ni a waya sun ce in an yi maja yana cikin tim na farko ba sai an gwada shi ba. Kwana biyu ina fankama a gida. Mamansu ce ta tambaye ni, to abokinsa da suke tafiya fili tare kullum fa, shi ma an kira babansa? Ba a kira shi ba. Daga nan na ɗauki biro na fara lissafi.

Lissafin ba sai an je jami'a ba. Muna da tim na 'yan 12, su ma suna da nasu, kowanne yara goma sha biyu, ashirin da huɗu kenan, a fili kuma mutum tara ake sakawa. Bayan maja za a yi gwaji a tsince gwanaye a kira su tim na farko, a ba su kocin da ya fi da lokacin atisayen da ya fi da manyan gasanni, ragowar a ce musu tim na biyu, kuɗin da za su biya kusan ɗaya ne amma su za a riƙa turawa atisaye ƙarfe takwas na dare. Kuma ranar gwajin ba yaranmu ashirin da huɗu kaɗai za su zo ba, sabon suna jawo mutane yake daga Winston-Salem da High Point da Burlington, uba mai hali ba ya jin komai ya tuƙa awa guda, to duk yaron nesa da ya samu gurbi na wani ɗan unguwa ya ɗauka. Ɗan shekara 11 da bai gama miƙewa ba, wanda sai ya kai 15 ƙarfinsa zai fito, a ce masa bai ci ba, ya koma gida ya cusa safar hannunsa ƙarƙashin gado ya ɗauki waya, shikenan an rasa shi. Wani abokin aikina Ba'amurke yaransa na cikin wani kulob da aka yi wa irin wannan majar shekara biyu da suka wuce, ya ce shekarar farko an cika alƙawari kowa ya samu tim, a ta biyu aka ce tim na uku ba ya fitar da kuɗinsa aka rufe shi. Gemun ɗan uwanmu ya riga ya kama wuta, mu kuma muna tafi.

Wanda ya tsallake gwajin ma bai tsira ba. A takardar da suka raba an ce kuɗin shekara wai "zai ɗan gyaru", na je shafinsu na duba abin da iyayensu ke biya yanzu, ya ninka namu fiye da sau biyu kuma rajista ce kawai. Riga kala uku, jaka mai tambarinsu, hular kwano mai tambarinsu, duk a shagon da suka zaɓa. Sandar bugu ma tashin hankali ce, tun Janairun 2018 su Little League, ƙungiyar besbol ta yaran unguwa, sai mai hatimin hukumar besbol ta ƙasa USA Baseball, gasannin da ƙungiyar USSSA ke shiryawa nasu hatimin daban, yaro ya shiga sakandare a ce sai mai wani hatimin da ake kira BBCOR, kowacce mai kyau dala 300 zuwa 400 yaro kuma kullum girma yake. Sannan yawo, yau Myrtle Beach gobe LakePoint can Jojiya sama da awa biyar a mota, kwana uku a otal, kuma da yawan manyan gasannin nan dokarsu ita ce dole ka sauka a otal ɗin da masu gasar suka tsara in ba haka ba tim ɗinku ba ya bugawa, ko da kana da ɗan uwa a Atlanta da zai ba ka ɗaki da tuwo kyauta. Ga kuɗin ƙofa, ka biya ka kalli ɗanka da ka riga ka biya masa ya buga. Mai tuƙa tirela ko tasi ko mai aikin sito kwana uku ba aiki kwana uku ne ba kuɗi, Hajiya mai kitso kuma Asabar ce kasuwarta. Ban ma taɓo Islamiyya ba, Asabar da Lahadi da safe ne kawai yaran nan ke zama gaban malam, yanzu da yake yawancin wasanninmu a kusa ne muna lallaɓawa a yi karatu a wuce fili, jadawalinsu da na gani daga Maris zuwa Yuli kusan duk sati biyu suna kan hanya, yaro zai shekara bai haɗa izu ɗaya ba.

Abin ba a garinmu ya faro ba, daga sama ya gangaro. Cibiyar Aspen da ke bin diddigin wasannin yara ta ce a 2024 iyali a Amurka na kashe matsakaicin dala 1,016 kan babban wasan yaro ɗaya, ƙarin kashi 46 cikin ɗari kan na 2019, kuma wannan har da masu buga na unguwa mai araha aka haɗa. Inda kuɗi ya taru haka manya ba sa zama. A 2023 Josh Harris da David Blitzer, masu kulob ɗin ƙwallon kwando na 76ers a Filadelfiya, suka haɗe kamfanonin shirya gasar yara biyu, Ripken Baseball da Cooperstown All Star Village, a ƙarƙashinsu, a 2024 suka fito da kamfanin Unrivaled Sports, a 2025 kamfanin Dick's mai sayar da kayan wasa ya jagoranci zuba musu dala miliyan 120. Filin Ripken na Myrtle Beach da yaranmu ke mafarkin zuwa yana cikin kayansu. Ban ce haramun suka ci ba, kasuwa ce, amma mai zuba miliyan 120 ba sadaka ya bayar ba, daga aljihun wa za ta dawo? A ganina masu gasa ne suka girma, suna son manyan kulob masu kawo musu tim ashirin lokaci guda, shi ya sa ƙanana ke ta haɗewa har abin ya iso ƙofarmu. Kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi.

Alhali a 1939 da Carl Stotz ya kafa Little League a Williamsport ta jihar Pennsylvania tim uku ne kacal, 'yan kasuwar garin uku kowa ya ba da dala 30 aka yi riguna. Tsarinsu yaro ya buga a inda yake zaune ko inda yake makaranta, kuma dole a sa kowane yaro a wasa ba a barinsa yana ɗumama benci. Mu ba Little League ba ne, mu ma muna zuwa gasa, a tsakiya muke, yaro ya samu wasa mai zafi ba tare da ubansa ya ci bashi ba. Irinmu ne ke ɓacewa, a bar mutum da zaɓi biyu, ko na unguwa da gwanaye duk sun watse daga ciki ko na masu hannu da shuni.

Abin da ya fi ci min rai shi ne fili. Na zauna na tambayi kaina me babban kulob ke nema a wajenmu, mu da ba mu da ɗaki ba mu da inji ba mu da wani abin kirki a asusu, ruwa ai ba ya tsami banza. Gwanayenmu huɗu ko biyar, eh, amma waɗannan ko ba maja za su iya zawarcinsu, ga shi ni har sun kira ni. Abin da muke da shi wanda kuɗi ba ya saya nan take shi ne takardar izinin filin unguwa, filaye biyu masu fitila da ranaku masu kyau, da muka samu saboda shekara da shekaru muna nan kuma yaran unguwa muke yi wa hidima. Ranar da muka zama su izinin ya zama nasu. Sai ka ga ran Asabar filin ya cika da motocin wasu garuruwa ana gasa ana karɓar kuɗin ƙofa, yaran da gidajensu ke kallon filin suna leƙe ta ragar waya, atisayen namu kuma an mayar da shi ɗakinsu can bayan gari inda bas ba ta zuwa. Yanzu yaranmu da yawa a keke suke zuwa ko a ƙafa ko ni in kwashi shida a motata. Uwar da ba ta tuƙi, mijinta yana hanyar Texas da tirela, wa zai kai mata yaro tafiyar minti arba'in sau uku a sati ya kuma dawo mata da shi?

Kuma a cikin hotunan majigin nan ban ga tsohon kocinmu ba. Dattijon nan baƙar fata da ya yi ritaya, wanda tun kafin a haifi yaranmu yake shata layin filin nan da farar ƙasa, shi ya koya wa ɗana riƙe ƙwallo, yara nawa ya saya wa safar hannu daga aljihunsa, shi ne da azumi yake matsar da atisaye ba tare da an roƙe shi ba don ya lura yaranmu na layi. Na tambaya aka ce za a "karrama shi". Mun san wannan karramawar, allo mai sheƙi da tafi sannan a nuna maka ƙofa. Haka teburin Hajiyoyinmu na masa da sambusa da zoɓo da ya biya wa yara uku rajista bara, a sabon tsari kamfani ke sayar da abinci. Haka mai aski da mai shagon naman halal da sunansu ke bayan rigar yara, wa zai kula su kusa da tambarin banki?

Na san abin da ya sa da yawanmu suka yi tafi, kalma ɗaya ce, sikolashif, ya faɗe ta ya fi sau goma, kuma duk wanda ya ga kuɗin jami'a a ƙasar nan dole kunnensa ya motsa. Amma 'yan uwa a riƙa tambaya. Shekara da shekaru dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ita ce tim ɗin besbol na manyan jami'o'i ba ya wuce sikolashif 11.7, a yanka shi gunduwa-gunduwa a raba wa yara kusan talatin wani ya tashi da rubu'i. A 2025 aka canza, jami'o'in da suka shiga sabon tsarin an ƙayyade musu 'yan wasa 34, suna iya biya wa duka in suna da kuɗin, amma gurbin ma raguwa ya yi. Cikin yara ɗari da ke bugawa a sakandare kusan biyu ne ke kaiwa wannan mataki. Zaɓen sababbin 'yan wasa na MLB, babbar gasar ƙwararru, da a da ake zagaye 40 yanzu 20 ne. Tun 2023 ma doka ta hana kocin manyan jami'o'i tuntuɓar yaro sai 1 ga Agusta kafin ya shiga aji 11, to ɗan shekara 10 da za a kwasa a kai Jojiya wa zai gan shi, in ba mai karɓar kuɗin otal ba? Ka tara abin da za ka kashe daga shekara 9 zuwa 18 a mai da otal da rajista, wallahi da asusun karatu ka zuba shi da kai ka ba ɗanka sikolashif da hannunka. Cinikin biri a sama ake mana.

Akwai wani ɗan wasa Andrew McCutchen, baƙar fata daga wani ƙaramin gari Fort Meade a Fulorida, ya taɓa buga wa Hickory nan jiharmu a 2006, a 2013 shi aka zaɓa gwarzon National League, ɗaya daga rukunai biyu na MLB. A Fabrairun 2015 da aka ƙwace kofin Little League daga hannun tim ɗin yaran Jackie Robinson West na Shikago saboda an sa yaran da ba 'yan yankinsu ba, ya yi rubutu yana nuna an bar jaki ana dukan taiki, ɗan talaka ba ya iya biyan kuɗin yawon gasa, shi kansa ba don wasu sun ɗauki nauyinsa ba da wuya a gan shi. A 1991 baƙaƙen Amurka kashi 18 cikin ɗari ne na 'yan wasan MLB, a 2024 sun koma 6, a gasar ƙarshe ta 2022 tsakanin Houston da Filadelfiya babu baƙi haifaffen Amurka ko ɗaya, rabon da a ga haka tun 1950. Dalilan suna da yawa amma tsada na cikin na gaba. Yaranmu kuwa a idon ƙasar nan a wannan layin suke.

Nan kuma a matsayin uban mai jifa nake magana. MLB da USA Baseball sun fitar da ƙa'ida tun 2014, ɗan 11 zuwa 12 kada ya wuce jifa 85 a rana, in ya kai 66 ya huta kwana huɗu, kuma a shekara ya samu wata huɗu hannunsa na hutawa. Masu bincike a Birmingham ta Alabama sun bi yara 481 har shekara goma, suka gano wanda ke jifa fiye da zagayen wasa (inning) 100 a shekara ya ninka sauran sau uku da rabi wajen samun mummunan rauni. To kulob mai ƙaton ɗaki da haya ke cinsa wata goma sha biyu zai ce wa yaro je ka huta wata huɗu? Ga gasar ƙarshen mako wasa biyar ko shida cikin kwana biyu, koci kuma na son kofi don a sa a majigi. Tiyatar gwiwar hannun nan da ake kira Tommy John, da Dakta Frank Jobe ya fara yi a 1974 don ceto babban ɗan wasa, yau har yaran sakandare ake yi wa, shekara guda ko fiye yaro na jinya. Tsohon kocinmu da ɗan abin ƙirga a hannu yake tsayawa, an taɓa cin mu a wasan kusa da na ƙarshe saboda ya cire ɗana daidai jifa na 85, ranar na ji haushinsa har ban yi masa sallama ba. Allah ya yafe min.

Ita kanta ƙuri'ar a dube ta. Kulob ɗinmu ƙungiya ce ba ta neman riba ba, da rajistarta a hukumar haraji, shi ya sa muke da kwamiti muke zaɓe Alhaji ke da kujera, kowa na iya cewa a nuna masa takardar 990, rahoton kuɗi na shekara da ake miƙa wa hukumar haraji, ya ga inda kuɗi ya shiga. Wancan kuwa kamfanin mutum biyu ne. A takardarsu an ce za a yi majalisar iyaye mai ba da shawara. Shawara fa! Wato wannan ƙuri'ar ita ce ta ƙarshe da za mu kaɗa, daga ita mun tashi daga masu abu mun koma kwastomomi, in gobe suka sayar wa wani babba daga wata jiha sai dai mu gani a imel. Kuma kayan ƙungiya irin tamu in za a rushe ta doka ba ta yarda a miƙa wa ɗan kasuwa kyauta ba, sai dai wata ƙungiyar taimako ko hukuma, to injin yankan ciyawa da kayan wasa da ɗan abin da ke asusu ina za su? Babu wanda ya faɗa.

Alhaji kai babba ne, kai ka tarbo da yawanmu a filin jirgi, a falonka wasu suka yi watanninsu na farko, babu mai zarginka da cin wani abu. Na san gajiya ce, shekara bakwai kana bin mutane bashin rajista. Roƙona kada ka ɗaga hannu ran nan, ka nemi a ɗage ƙuri'ar zuwa bayan kakar bana, ba a fafe gora ranar tafiya. In sun matsu to su rubuta su sa hannu, ba a majigi ba, cewa izinin fili zai zauna da sunan ƙungiyarmu, kowane rukunin shekaru za a bar tim ɗaya na unguwa da ke atisaye a filin unguwa kan kuɗin yanzu aƙalla shekara uku, iyaye su samu kujeru masu ƙuri'a, a faɗi yara nawa za a yafe wa kuɗi da lamba ba "gwargwadon hali" ba, ƙirgan jifa kuma a liƙa shi inda kowane uba zai gani. In sun ƙi mun san abin da suka zo nema. Kuma ai ba maja ce kaɗai hanya ba, muna iya hayar ɗakinsu awa-awa da hunturu, muna iya haɗa tim da su na 'yan 14 zuwa sama waɗanda da gaske lokacin a gansu ya kusa, ƙananan a bar mana, muna iya neman shiga shirin RBI da MLB ke tallafawa wanda John Young ya faro a Los Angeles a 1989 don irin unguwanninmu. Lauya ma a samu ya karanta takardar nan, in kowane gida ya ba da dala ashirin an gama.

Mu kuma iyaye mu ɗan ji kunya, mu muka bar wa mutum huɗu aikin mutum arba'in har suka gaji. Ni daga wannan watan na karɓi rajista da bin bashi daga hannun Alhaji, wanda ake bi ya shirya ganin kirana. Na kuma kira mutanen can na ce su cire sunan ɗana daga alƙawarinsu, in har za a yi gwaji ya shiga layi da abokinsa. Bai ji daɗi ba, tun jiya da ƙyar yake amsa min magana.

Lahadi bayan la'asar za mu zauna a harabar masallaci kafin ranar ƙuri'a, kowa ya zo da takardar da aka raba masa da biro. Wanda ba shi da mota ya yi min magana a gurup, tawa tana cin bakwai. Hajiyoyi don Allah ku zo da kanku kada ku aiko, ku kuka fi mu sanin nawa ake kashewa.

Wassalam, naku,
baban mai jifan 'yan 12